AC/DC: daga ina zan fara, kuma wadda ke rangadi yanzu ita ce ta asali?

Sabon Shiga

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya ga masu bin kiɗan rok mai nauyi, musamman manyanmu da suka daɗe a cikinsa.

Ni dai ban taso da irin wannan kiɗa ba. Wani abokina ne ya turo mini bidiyon wasan da ƙungiyar AC/DC ta yi a filin ƙwallon River Plate da ke Buenos Aires ta Ajantina, a Disambar 2009, ya ce in sa abin sauraro a kunne in kalla har ƙarshe. Na kalla, kuma tun daga lokacin na kasa rabuwa da shi. Jama'ar ce ta fara kama ni kafin kiɗan. Fili ya cika maƙil, mutane na tsalle a tare, kuma bayan baitin mawaƙi da suke amsawa, har karin jitar ma da baki suke rera shi. Ga wani ƙaton kan jirgin ƙasa a kan dandamali yana fitar da hayaƙi, ga mutum ɗan shekara hamsin da ɗoriya cikin kayan ɗan makaranta da gajeren wando yana gudu daga wannan ƙarshe zuwa wancan, gumi na zuba, bai huta ba har wasa ya tashi.

Da na shiga neman labarinsu sai kaina ya ɗaure. An ce wani mawaƙinsu ya mutu tun da daɗewa, an ce wanda ya kafa ƙungiyar ma ya rasu, an ce akwai lokacin da mawaƙin wata ƙungiya daban ya riƙe musu makirufo. Yanzu kuma na ga suna ci gaba da rangadi, amma cikin waɗanda suka fara mutum ɗaya ne ya rage.

Don Allah ku taimaka mini. Da wane faifai ko wane wasa ya kamata in fara? Me ya sa wasansu ke da wannan ƙarfi, alhali a kunnena kiɗan kamar ba shi da wahala? Sannan wadda ke hawa dandamali a yau, ta cancanci sunan kuwa, ko dai sunan ne kawai ya rage?

Kawu Mai Jita

Wa alaikumus salam ɗana, barka da shigowa. Ka shigo ta ƙofa mai kyau. Amma kafin in amsa zan ba ka aiki. Koma ka sake kallon bidiyon nan, ka ɗauke idonka daga kan Angus mai gajeren wando, ka kai shi can baya kusa da mai ganga. Za ka ga wani gajeren mutum siriri, gashi ya rufe masa fuska, babu ado ko kaɗan a jikinsa, yana tsaye gaban lasifikokinsa yana buga ƙafa. Ba ya fitowa gaba sai lokacin amshi ya yi, shi da mai bes Cliff Williams su tako tare zuwa makirufo, su yi amshinsu, su koma wurinsu. Wannan shi ne Malcolm Young, yayan Angus. A wurina shi ne AC/DC. Duk tsallen da ka ga mutanen Ajantina na yi, hannun damansa suke bi, ko sun sani ko ba su sani ba.

Bari in ɗan koma baya don ka ga inda halin ya samo asali. Iyalin Young mutanen Gilasgo ne a Sikotland, ma'aikata marasa ƙarfi masu 'ya'ya da yawa. A 1963 suka bi sahun dubban 'yan Birtaniya da Ostareliya ke kwasa a kan fam 10 kacal, suka sauka a Sidni. Yayansu George ya riga su shiga harkar, ƙungiyarsa The Easybeats ta yi tashe har Ingila, amma ta watse da bashi a wuya. Don haka ƙannen sun shigo da idonsu a buɗe, sun san tashe abu ne mai wucewa, kuma ba su yarda wani ɗan kamfani ya tsara musu abin da za su kaɗa ba. George da abokin aikinsa Harry Vanda su ne suka tsaya a kan ɗaukar faya-fayansu har zuwa 1978. Malcolm ya haɗa ƙungiyar a ƙarshen 1973, ya jawo Angus yana ɗan shekara 18, suka yi wasan farko a daren 31 ga Disamba a wani kulob mai suna Chequers a Sidni. Yayarsu Margaret ce ta kawo shawarar kayan makarantar.

A mashayun Ostareliya suka koyi aikin, gaban ma'aikata da suka tashi daga aiki a gajiye, waɗanda ba su da haƙurin sauraron ƙwarewar kowa. Ko ka motsa su, ko su nuna maka ba sa so. Kusan kullum suna kan hanya. A 1976 suka koma Landan, suka sake farawa daga ƙasa a wata ƙaramar mashaya mai suna Red Cow a Hammersmith, daga nan zuwa kulob ɗin Marquee, inda suka riƙa cika ɗaki har zafi ya hana numfashi.

Yanzu tambayarka ta biyu, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa. Gaskiya ka faɗa, wuraren da yatsun hagu ke dannawa ba su da wahala, sabon ɗan koyo ma zai kama su. Ni ina kaɗa jita don jin daɗin kaina, kuma na ga yara da yawa sun kama su tsaf, amma da sun kaɗa sai abin ya fito lami. Aikin yana hannun dama, da kuma shirun da ake bari tsakanin bugu da bugu. Malcolm zai doki tsirkiyoyin sau uku, ya ɗora gefen tafin hannunsa ya kashe sautin ɗif, ya bar ganga ita kaɗai a fili, sannan ya dawo daidai kan gaɓa, ba gaba ba baya. A cikin wannan gurbin ne mutum dubu sittin ke samun wurin yin ihu. Akwai kuma dalili na biyu. A babban fili sauti yana bugun bango da rufi ya dawo, saboda haka kiɗa mai sauri da tarin ado cakuɗewa yake yi kafin ya isa kujerun baya. Nasu kuwa da yake an bar masa sarari, yana isa can a rarrabe.

Jitarsa ma irin halinsa ce. Tsohuwar Gretsch ce da Harry Vanda ya ba shi, ya cire na'urorin ɗaukar sauti biyu daga jikinta ya bar ɗaya, ramukan suna nan a buɗe, ya kankare fentin, ya sa tsirkiyoyi masu kauri da sai mai ƙarfin hannu ke iya juya su. Idan ka kasa kunne da kyau za ka ji sautinsa a amfilifayar Marshall ya fi yadda mutane ke zato tsabta. Nauyin daga dukan hannu yake fitowa. Sai Phil Rudd a kan ganga, mutumin da ba ya ƙara bugu ko ɗaya da ba a buƙata, da Cliff da ya shigo a 1977, wanda zai iya tsayawa a kan sauti ɗaya tsawon baiti bai gaji ba. Su ukun nan su ne harsashin ginin. Angus da Gibson SG ɗinsa, da tafiyar agwagwa da ya ara daga Chuck Berry, a kansu yake tsaye.

Labarin Bon Scott, mawaƙinsu da ka ji an ce ya mutu, zan bar wa abokina Mai Faifai, na san yana nan tafe. Abin da zan ce shi ne bayan rasuwar Bon a Fabrairun 1980 kowa ya ɗauka an gama. Iyayensa ne suka ƙarfafa musu guiwa su ci gaba. Suka ɗauko Brian Johnson, mutumin Gateshead kusa da Newcastle, wanda ya taɓa waƙa da ƙungiyar Geordie amma a lokacin sana'arsa sa wa motoci rufin leda. Suka tafi sitidiyon Compass Point a Bahamas da furodusa Mutt Lange, a Yulin shekarar suka fitar da Back in Black da baƙin bango don makoki. Ana ƙiyasta an sayar da kusan kwafi miliyan 50, yana cikin faya-fayan da aka fi saye a tarihi. Ƙararrawar da ke buɗe shi ta gaske ce, kamfanin John Taylor na Loughborough a Ingila ya zuba ta, nauyinta kusan tan ɗaya, kuma sun riƙa yawo da ita suna rataye ta saman dandamali. A 1981 suka ƙara da igwa, wadda har yau da ita suke rufe wasa.

Tsakiyar shekarun 1980 sun ɗan ja baya. Rudd ya fita a 1983, faya-fayan da suka ɗauka da kansu a 1983 da 1985 ba su yi kasuwa sosai ba. A 1988 Malcolm ya ajiye rangadin Amurka don ya yi maganin shan giya da ta kusa cinye shi, ɗan yayansu Stevie Young ya riƙe masa wuri. Ya dawo a warke, faifan 1990 ya mayar da su sama, suka yi bikin kiɗan rok na Donington a Ingila a 1991 karo na uku a matsayin manyan baƙi, sannan filin jiragen sama na Tushino a Mosko ranar 28 ga Satumba, 'yan makonni bayan yunƙurin juyin mulkin Agusta a Tarayyar Sobiyet, tare da Metallica da Pantera gaban dubban ɗaruruwan mutane.

Ga abin da ke sa idona ya ciko duk lokacin da na kalli River Plate. Rangadin Black Ice ya fara a 2008 ya ƙare a 2010, kusan mutum miliyan 5 suka kalle shi. A lokacin ciwon mantuwa ya riga ya fara taɓa Malcolm. Angus ya faɗa daga baya cewa yayansa sai ya zauna ya sake koyon waƙoƙin kafin wasa, waƙoƙin da shi da kansa ya ƙirƙira shekaru talatin da suka wuce. Mutumin da ka gani a bayan can a wannan hali yake, kuma ka saurara ka ji ko ya kuskure gaɓa ko ɗaya. Wasansa na ƙarshe a Bilbao ta Sifaniya ne, 28 ga Yunin 2010. A 2014 aka sanar ya ajiye aiki, ya rasu 18 ga Nuwambar 2017 yana da shekara 64, ƙasa da wata ɗaya bayan rasuwar George.

Saboda haka amsata ga tambayarka ta uku mai nauyi ce a bakina. Ina girmama Stevie da ya maye gurbinsa, jininsu ne, kuma ya koyi bugun kawunsa fiye da kowa a duniya. Amma tawa AC/DC a Bilbao ta tsaya. Ka fara da Back in Black, sai ka koma baya.

Mai Faifai

Malam, na gode da ka bar mini rabona. Duk abin da ka faɗa a kan Malcolm na sa hannu. Inda muka rabu shi ne wurin farawa, kuma mun daɗe muna wannan gardama.

Ɗana, kada ka fara da 1980. Idan ka fara da jirgin ƙasa da ƙararrawa da igwa, za ka ɗauka su ne wasan. Nemi faifan da aka ɗauka kai tsaye a gidan wasa na Apollo a Gilasgo ranar 30 ga Afrilun 1978, wanda suka fitar a ƙarshen shekarar da sunan If You Want Blood You've Got It. Babu kayan ado ko ɗaya, mutum biyar ne da tarin lasifika, a garin da aka haifi 'yan'uwan biyu. Bayan shi ka nemi fim ɗin wasansu na Paris, 9 ga Disambar 1979. A nan za ka ga Angus yana ɗan shekara 24 yana birgima a ƙasa yana kaɗawa, ka kuma ga mutumin da nake so in ba ka labarinsa.

Bon Scott shi ma ɗan Sikotland ne, an haife shi a 1946, ya yi ƙuruciya a Kirriemuir, iyayensa suka koma Ostareliya a 1952, ya girma a Fremantle. Ba shi ne mawaƙinsu na farko ba, Dave Evans ya riga shi, amma bai kai shekara ba aka sallame shi. Lokacin da Bon ya shigo a 1974 ya girmi Angus da kusan shekara tara, ya riga ya yi wasu ƙungiyoyi da ba su yi nisa ba, ya yi aikin ƙarfi iri-iri, ya tashi daga mummunan haɗarin babur. Duk wannan yana cikin muryarsa. Idan yana waƙar rashin kuɗin haya, ko yadda masu shirya wasa ke cutar makaɗa, ko doguwar tafiya a tsohuwar mota, ba labarin wani yake ba ka ba. Kuma yana da barkwanci da iya sarrafa magana, irin wanda ke faɗin abu yana murmushi da gefen baki. Faifan Powerage na 1978 shi ne ƙololuwar rubutunsa a wurina, kuma shi ne wanda makaɗa da yawa ke zaɓa ko da yake bai yi kasuwar na bayansa ba.

A kan dandamali ba ya gasa da Angus. Yana tsaye babu riga, igiyar makirufo a naɗe a hannu, idan lokaci ya yi ya ɗauki Angus a kafaɗa su ratsa cikin jama'a yana ci gaba da kaɗawa, domin tun 1977 jitarsa ba ta da waya a jiki. Ka duba kuma bidiyon da suka ɗauka a bayan buɗaɗɗiyar babbar mota a titin Swanston na Melbon a 1976, Bon riƙe da algaitar Sikotland mai jaka. Yanzu akwai lungu a birnin da aka sa wa sunan ƙungiyar tun 2004.

Faifan 1979, Highway to Hell, shi ne ya buɗe musu Amurka. Wasan Bon na ƙarshe a Southampton ne, 27 ga Janairun 1980. A daren 18 ga Fabrairu ya sha giya fiye da kima a Landan, aka bar shi yana barci a cikin mota a unguwar East Dulwich, washegari aka tarar ba ya numfashi. Shekararsa 33. Binciken hukuma ya ce gubar giya ce. An binne tokar gawarsa a Fremantle, kuma akwai mutum-mutuminsa a can da kuma Kirriemuir. Ba na son a mayar da wannan mutuwa abin burgewa kamar yadda wasu magoya baya ke yi. Asara ce tsagwaronta, mutum ya yi shekaru yana wahala, ya mutu ana saura ƙiris ya ci moriyarta.

Ba ni da abin zargi ga Brian. Bon da kansa ya taɓa ganin wasansa ya yaba shi ga 'yan'uwan. Ya hau dandamali da su karo na farko a Namur ta Beljiyam a ƙarshen Yunin 1980, gaban mutanen da ke cikin makoki, kuma har yau bai taɓa nuna shi ya fi wanda ya gada ba. Amma daga baya rubutun waƙoƙin ya koma hannun 'yan'uwan, hikimar magana ta ragu, batsa ta yi yawa ba tare da wayon da Bon ke lulluɓe ta da shi ba.

Sabon Shiga

Kawu, Baba Mai Faifai, Allah ya saka da alheri. Na koma na kalli Malcolm kamar yadda aka ce, na ga fitowar nan da komawar da suke yi shi da mai bes, abin da ban lura da shi ba sam a da. Zan nemi na Gilasgo.

Akwai abu ɗaya da ke damuna da ban faɗa ba. Ƙahonin nan masu jan haske da 'yan kallo ke sawa a ka, da sunan faifan 1979 da ke maganar hanyar wuta, mene ne gaskiyarsu? Na ga ana cewa masu bautar shaiɗan ne.

Kawu Mai Jita

Tambaya ce mai kyau ɗana, kuma gara da ka yi ta. Zargin ya yi ƙarfi a Amurka a shekarun 1980, musamman a 1985 da aka kama wani mai kisan mutane a Kalifoniya, jaridu suka alaƙanta shi da waƙarsu. Ƙungiyar ta musanta a fili tun lokacin. Bayanin da Angus ya sha bayarwa shi ne sunan faifan yana nufin azabar rangadi, shekaru a cikin mota da ƙananan otel, kullum gari daban. Ƙahon ya fito ne daga hoton bangon faifan, daga baya ya zama kayan sayarwa a ƙofar fili. Angus kansa ba ya shan giya, an san shi da shayi da sigari, kuma yana tare da matarsa ɗaya tun 1980.

Amma ba zan wanke su tas ba. Wasa da siffar shaiɗan don jan hankali wasa ne da ni ma ba na so, kuma yawancin kalmomin waƙoƙinsu a kan mata da giya da holewa suke, wasu ma ba na sa su idan akwai yara kusa. Ni jitar nake bi. Kai ma ka san abin da kake saurare, ka zaɓa da saninka.

Uwar Biyu

Sannunku. Kawu, da girmamawa, ban yarda ta tsaya a Bilbao ba. Ƙanena Sabon Shiga, tambayarka ta uku ni zan amsa ta, domin gani ya kori ji. Ina zaune a Ingila, kuma ni da maigida mun je wasansu a filin Wembley a Yulin 2024.

Sai ka san ramin da suka fito daga ciki kafin ka yi hukunci. A 2014 Malcolm ya tafi. A shekarar kuma Phil Rudd, wanda ya daɗe da dawowa ƙungiyar, ya shiga matsala da shari'a a New Zealand har aka yanke masa ɗaurin talala a gida, tsohon mai gangarsu Chris Slade ya dawo kan ganga. A Maris 2016 likitoci suka ce wa Brian ya daina hawa dandamali nan take ko ya kurumce gaba ɗaya. Shi ya ce matsalar ta fara ne daga tseren mota da ya yi bai toshe kunne ba. Nan ne Axl Rose na Guns N' Roses ya shigo, wanda ka ji labari. Ya fara a Lisbon 7 ga Mayu, a zaune a kan kujera saboda karayar ƙafa. Mutane da yawa sun karɓi kuɗin tikitinsu, amma waɗanda suka je sun ce ya yi ƙoƙari, musamman a waƙoƙin zamanin Bon. A Satumbar shekarar Cliff ma ya ajiye. Angus kaɗai ya rage a tsaye.

Duk da haka a Nuwambar 2020 suka fitar da Power Up, Brian da Phil da Cliff duk sun dawo sitidiyo, kuma an gina waƙoƙin ne a kan abubuwan da Angus da Malcolm suka tsara tare suka ajiye, sunan Malcolm yana kan kowace waƙa. Brian ya samu wata na'urar kunne da ta ba shi damar komawa dandamali, ya koma wasa da ƙungiyar a bikin Power Trip a Kalifoniya a Oktobar 2023. Rangadin da muka gani ya fara a Gelsenkirchen ta Jamus a Mayun 2024, da Matt Laug a ganga da Chris Chaney a bes.

Ba zan yi maka ƙarya ba, shekaru sun nuna. Brian yana da 76 a lokacin, muryarsa ba ta kai wasu wurare masu tsayi, kuma ana ɗan dakatawa tsakanin waƙa da waƙa. Angus yana da 69, gashinsa fari fat, bai rina ba, gudun ya koma sassarfa. Amma da ya zo wurin da yake kaɗawa shi kaɗai kusa da ƙarshe, ya hau wani dandamali da ke ɗagawa sama a tsakiyar jama'a, ya daɗe yana yi har na fara jin tsoro a kansa, yatsunsa ba su nuna tsufa ko kaɗan ba. A gabanmu akwai wani dattijo da ɗansa da jikansa, su ukun suna rera karin jitar. Na kuma kalli bayan dandamali, Kawu. Stevie yana tsaye a wurin kawunsa riƙe da Gretsch, shi da sabon mai bes suna fitowa tare su yi amshi su koma. Tsarin da Malcolm ya kafa shi ake bi sak, babu wanda ya ƙara nasa. Mutumin da ya gina abu har ya iya tafiya bayan ransa, a ganina wannan yabo ne gare shi, kuma ƙaninsa ne ke riƙe da shi.

In Allah ya ba ka dama ka gan su, ko wata ƙungiya irinsu, abu biyu nake roƙonka. Na farko ka sayi abin toshe kunne na masu kiɗa, wanda ke rage ƙara ba tare da ya dusashe sauti ba. Maigida ya ƙi sawa, igwar ƙarshe ta bar masa ƙara a kunne har washegari, kuma abin da ya samu Brian ya isa gargaɗi. Na biyu, ka yi hattara da gaban dandamali. Tsallen nan na Buenos Aires yana da kyau a bidiyo, amma cunkoso yana kisa. Ranar 18 ga Janairun 1991, a wasansu na Salt Palace a Salt Lake City ta Amurka, jama'a suka danno gaba a wurin da babu kujeru, matasa uku suka mutu, biyu daga cikinsu 'yan shekara 14. Idan ka zaɓi tsayuwa, ka tsaya kusa da rumfar masu sarrafa sauti a tsakiyar fili. Nan ne matsi ya fi sauƙi, nan ne kuma sautin ya fi fitowa daidai, domin daga wurin ake auna shi. Da ka ji ba ka iya ɗaga hannuwanka zuwa ƙirji, ka fara ficewa ta gefe tun kafin waƙa ta gaba ta tashi.